Harafi Ɗaya Cikin Biliyan Uku

A farkon shekarar 1869, cikin tsananin sanyi, wani matashin likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Friedrich Miescher yana karɓar tsofaffin bandeji daga asibitin tiyata na garin Tubingen a kudancin Jamus. Bandejin da aka kwance daga miki ne, jiƙe da mugunya, abin da kowa zai toshe hanci ya jefar. Shi kuwa mugunyar yake so. Wani zazzaɓi mai tsanani ya taɓa masa kunne tun yana ɗalibi, sauraron ƙirjin majinyaci yana ba shi wahala, shi ya sa ya koma ɗakin gwajin malaminsa Felix Hoppe-Seyler, a wani tsohon madafi na fadar da ke kan tudun garin. Burinsa ya san da me aka gina ƙwayar jiki, kuma babu inda zai samu ƙwayoyi da yawa a sauƙaƙe irin mugunya, domin cike take da fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki da suka faɗi wurin kare miki.

Yakan wanke ƙwayoyin daga jikin bandejin da ruwan wani gishiri, ya bar su su kwanta, sannan ya zuba musu ruwan narkar da abinci da ya tatso daga tumbin alade, ruwan ya cinye furotin ya bar masa cibiyar ƙwayar zalla. Daga cibiyar ya fitar da wani abu fari-fari mai yawan fosfaras, wanda bai yi kama da duk wani sinadari da aka sani ba. Malaminsa bai yarda ba sai da ya maimaita aikin da hannunsa, don haka ba a buga sakamakon ba sai 1871. Tarin fuka ya yi ajalin Miescher a 1895 yana da shekara 51, bai san cewa rubutun gadon kowane mai rai ya riƙe a hannunsa ba. Abin da ya samu shi ne DNA, kuma a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki ya same shi. Tun daga nan labarin su biyun bai sake rabuwa ba.

Sai da aka haura shekara saba'in kafin a ba abin muhimmanci. Albrecht Kossel ya fasa shi ya gano tubalan da ke ciki, waɗanda yau ake taƙaita sunayensu da haruffa huɗu, A da T da G da C, da na biyar, U, mai zama a gurbin T a cikin ɗan'uwansa RNA. Phoebus Levene a Niyok ya nuna yadda kowane harafi yake manne da sukari da fosfat, amma ya ɗauka haruffan maimaita kansu kawai suke yi a jeri guda. Masana suka ce to abin da bai wuce haka ba ina zai ɗauki launin fata da tsawon ƙashi? Furotin, mai tubali iri ashirin, shi kowa ya zata yana ɗauke da gado.

Ciwon huhu ne ya karya wannan zato. A 1928 Frederick Griffith, likitan ma'aikatar lafiya a Landan, yana aiki da bakteriyar nimoniya iri biyu. Ɗaya mai santsi ce, sanye da wata rigar sukari da ke ɓoye ta daga garkuwar jiki, tana kashe ɓera. Ɗayar mai kaushi ce, ba riga, jiki yana cinye ta. Ya dafa mai santsin har ta mutu, ya gauraya ta da mai kaushi mai rai, ya yi wa ɓeraye allura. Ɓerayen suka mutu, a jininsu kuma ya tarar da mai santsi da ranta. Wani abu daga gawar ya shiga mai ran ya koya mata yin riga, ita da zuriyarta. Oswald Avery na Cibiyar Rockefeller ya shafe fiye da shekara goma yana neman wannan abu. Shi da Colin MacLeod da Maclyn McCarty suka riƙa cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya: su lalata furotin, aikin yana nan, su lalata RNA, yana nan, da suka lalata DNA sai ya tsaya cik. Sun buga wannan a 1944, Avery yana da shekara 66. Ya rasu a 1955 ba a ba shi lambar Nobel ba, kuma a ganina da wuya a samu wanda aka tsallake da ya fi shi cancanta. Cikin 'yan kaɗan da suka gaskata shi nan take akwai Erwin Chargaff, wanda ya auna haruffan a halittu daban-daban, zuwa 1950 ya ga yawansu yana bambanta daga wannan halitta zuwa waccan, amma ko'ina adadin A daidai yake da na T, na G daidai da na C. Dalilin haka ya ɓuya masa.

A kwalejin King's ta Landan, Rosalind Franklin, gwanar ɗaukar hoton sinadarai da hasken eksirai irin na hoton ƙashi, ta lura cewa zaren DNA yana sauya siffa gwargwadon laimar da ke kewaye da shi: in ya bushe siffa ɗaya, in ya jiƙe wata. Waɗanda suka gabace ta gauraye suke ɗauka, hoton ya fito dishi-dishi. Ta daidaita laimar cikin kyamararta, a watan Mayun 1952 kuma ita da ɗalibinta Raymond Gosling suka samu hoto mai lamba 51, bayan hasken ya yi fiye da kwana biyu yana dukan zaren. Baƙaƙen ɗigo ne da suka jeru suka gicciye. Ga wanda ya iya karatunsa, gicciyen yana nuna abin murɗaɗɗe ne, tazarar ɗigon kuma tana ba da awo.

A Janairun 1953 abokin aikinta Maurice Wilkins ya nuna wa James Watson hoton ba da saninta ba, ba a jima ba kuma wani rahoto mai ɗauke da alƙalumanta ya isa hannun Francis Crick, abokin aikin Watson a Kambirij. Watson, Ba'amurke mai shekara 24, ya yanka siffofin haruffan a kwali yana jujjuya su a kan tebur. Wani masanin sinadarai da suke ofis ɗaya, Jerry Donohue, ya gaya masa siffar da ya kwafo daga littattafai ba daidai take ba. Da ya gyara, safiyar 28 ga Fabrairu, sai ya ga A ta dace da T, G ta dace da C, kuma faɗin haɗin biyu ɗaya ne. Abin da ya ɓuya wa Chargaff ke nan. Mujallar Nature ta buga takardarsu ranar 25 ga Afrilu 1953, ta Wilkins da ta Franklin suna biye da ita kamar masu tabbatarwa, alhali daga wurinsu awon ya fito. Ciwon daji ya ɗauke Franklin a 1958 tana da shekara 37, tana tsakiyar aiki kan siffar bairos, har da na shan inna. Aka ba mazan uku Nobel a 1962.

Siffar kamar tsani ce da aka kama kansa da gindinsa aka murɗa. Sandunan gefe sukari ne da fosfat, ɗaya ta dubi sama ɗaya ta dubi ƙasa, matakan kuma haruffa ne bibbiyu, kimanin goma a kowane zagaye. Duk abin da zai biyo baya a labarin nan daga wannan zaman bibbiyu ya fito. In aka tsaga tsanin gida biyu, kowane ɓari ya isa ya sake gina ɗan'uwansa, domin inda A take, T kaɗai za ta zauna a gabanta. Haka ƙwaya ke kwafar gadonta kafin ta rabu, haka uwa da uba ke miƙa wa ɗa nasu. Haka kuma daga baya ɗan adam ya koyi neman jimla guda a cikin matakai biliyan uku na DNA ɗinsa: ya rubuta ɗaya ɓarin nata ya sake shi, shi zai je ya same ta ya manne.

DNA ba ya barin cibiyar ƙwaya. In ana bukatar wani furotin sai a kwafi sashen da ke ɗauke da umarninsa a kan RNA, zare mai ɓari ɗaya, a aike shi waje wurin maƙera, in ya isar da saƙo a rushe shi. An tabbatar da wannan ɗan aike a 1961, a shekarar kuma Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka karanta kalmar farko, U uku a jere. Zuwa 1966 an karance kalmomin duka 64, kowace mai haruffa uku.

Cutar farko da aka bi har gindinta a cikin wannan rubutu tamu ce. Amosanin jini, da aka fi kira sikila yanzu, ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Likitan Ghana Felix Konotey-Ahulu ya bi sawunsa a danginsu har zuwa 1670. A littattafan likitocin Turawa kuwa ya shiga ne a 1910, sa'ad da James Herrick na Shikago ya ba da labarin wani ɗalibin likitan haƙori daga tsibirin Girenada wanda aka ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe sun yi siffar lauje. A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano suka nuna cewa aibin yana cikin haimogulobin, furotin mai ɗaukar iskar numfashi. A 1956 da 1957, a ɗakin binciken nan na Kambirij inda Watson da Crick suka yi aikinsu, Vernon Ingram ya yayyanka haimogulobin na lafiyayye da na mai sikila, ya baza guntayen a kan takarda, ya ga ɗigo ɗaya tak ya kauce daga wurinsa. A sarƙa mai tubali 146, na shida ne ya sauya. A DNA, GAG ce ta zama GTG.

Tubalin asali mai son ruwa ne, wanda ya zauna a gurbinsa mai gudun ruwa ne. Da zarar haimogulobin ya sauke iskarsa sai ya nemi ɗan'uwansa ya liƙe, su jeru su zama sanduna masu tauri da ke tanƙwara ƙwayar daga ciki. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 ba ta wuce ashirin, kafin ta mutu kuma tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyi ta tare jini. Duk uwar da ta kwana tana gasa wa jariri kumburarrun hannu da ƙafa, ko ta ga idon ɗanta ya koma ruwan ɗorawa, ko ta rungumi yaro yana kukan ƙashinsa a daren hunturu, aikin wannan harafi ɗaya take gani.

Me ya hana harafi mai kisa haka ƙarewa? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya ba da amsa a 1954: mai kwafi ɗaya, wanda muke kira AS, ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. An ga wannan ƙiri-ƙiri a ƙasarmu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi gagarumin binciken maleriya a ƙauyukan Garki, da ke jihar Jigawa a yanzu. Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka duba jinin mutanen, suka tarar kimanin jariri biyu cikin ɗari SS ne, wato masu kwafi biyu, amma a cikin manya da ƙyar ake cin karo da ɗaya. Masu AS kuwa kasonsu ƙaruwa yake yi daga jarirai zuwa yara, domin zazzaɓi ya fi ɗaukar masu AA, marasa harafin. Sauro ne ya raya harafin a cikinmu. Yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi, ana kuma ƙiyasta haihuwar jarirai 150,000 masu cutar duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba ruwansa da wanda ya gabace shi. Gwajin jinin da ake yi kafin ɗaurin aure, wanda Kano ta mayar doka a 2024, a kan wannan lissafi ya tsaya. Gwajin PCR ma, da duniya ta haddace sunansa lokacin korona, da neman harafin sikila aka fara bayyana shi a 1985.

Ta fuskar garkuwar jiki wata tambaya ce ta daɗe tana damun masana. Jiki yana ƙera furotin da ake kira antibodi, kowane iri an yi shi daidai da maƙiyi guda, kuma ire-irensu sun haura biliyan. Sassan gadon mutum masu ƙera furotin kuwa kimanin dubu ashirin ne. Ina umarnin sauran yake? A 1976, a Basel, mahaifar Miescher, Susumu Tonegawa ɗan Jafan ya kwatanta DNA ɗin ɗan tayin ɓera da na ƙwayar da ta riga ta fara ƙera antibodi, ya ga sassan da ke nesa da juna a tayin sun matso sun haɗe a ƙwayar. Ashe kowace ƙwaya irin wannan tana yanka DNA ɗinta da kanta, ta zaɓi guntu nan guntu can ta ɗinke, ta fito da makamin da babu mai irinsa. Kafin nan an ɗauka rubutun ba ya taɓuwa daga haihuwa har mutuwa.

Akwai abin da ya fi wannan ba ni mamaki. Bairos kusan ba komai ba ne illa DNA ko RNA a cikin kwanso, kuma haruffansa irin namu ne. To da me jiki ke gane shi? Tun 1957 aka san cewa ƙwayar da bairos ya shiga tana fitar da wani furotin na gangami, intaferon, don ta gargaɗi maƙwabta. Abin da ke sa ta yin kuwwar ne aka gano sannu a hankali. Ɗan aikenmu ɓari ɗaya ne, bairos da yawa kuwa dole su yi RNA mai ɓari biyu wurin kwafar kansu, kuma jiki yana da masu gadi da shi kawai suke jira. A 1984 masu bincike a Jafan suka ga DNA ɗin bakteriyar allurar BCG, wadda ake yi wa jarirai a dantse, shi kaɗai yana iya tayar da garkuwa. Arthur Krieg ya gano dalili a 1995: inda C ta zo kafin G, namu DNA yakan ɗora mata wata ƙaramar alama, na bakteriya ba ya ɗorawa. Shizuo Akira a Osaka ya gano mai gadin da ke duba wannan a 2000. A 2013 Zhijian Chen a Dalas ya bayyana wani mai gadin da bai damu da abin da aka rubuta ba, wuri kawai yake dubawa: duk DNA da ya gani yana yawo a cikin ƙwaya a wajen ma'ajinsa, sai ya kaɗa gangar yaƙi.

Masu gadin sukan yi kuskure. A cutar lupus, wadda tara cikin goma na masu ita mata ne, kuma ta fi tsananta wa baƙar fata, jiki yakan ƙera antibodi a kan nasa DNA ɗin. An gano haka a 1957, har yau kuma ana neman wannan antibodi wurin tantance cutar. Ragowar ƙwayoyin da suka mutu ba a kwashe da wuri ba, masu gadi su ɗauka baƙo ne, intaferon ya yi ta zuba, fata da gaɓoɓi da ƙoda su ji a jikinsu. Babban maganinta ɗan'uwan kulorakwin ne, tsohon maganin zazzaɓinmu mai ɗaci da sa ƙaiƙayi, kuma ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne dushe jin waɗannan masu gadi.

Masu haɗa magani sun shiga ta wata ƙofar. Tunda bairos sai ya jera haruffa kafin ya hayayyafa, sai a miƙa masa harafin jabu wanda ba shi da maɗaurin da na gaba zai kama. Yana ɗauka, jeri ya yanke. Da wannan dabara AZT, maganin farko na ƙanjamau, ya fito a 1987, kuma tenofobir da lamibudin, da masu ɗauke da cutar ke karɓa a asibitocinmu yau, haruffan jabu ne.

Masu gadin nan dai su ne suka tare wa Katalin Kariko hanya shekara da shekaru. 'Yar mahauci ce daga ƙasar Hangare, ta koma Amurka a 1985 da mijinta da 'yarta ƙarama, da 'yan kuɗin da suka ɗinke a cikin 'yar tsanar yarinyar. Tunaninta mai sauƙin faɗa ne: maimakon a ba mara lafiya furotin, a ba shi ɗan aiken RNA jikinsa ya ƙera da kansa. Masu ba da kuɗin bincike suka yi ta mayar mata da takardunta, a 1995 aka rage mata matsayi a Jami'ar Fensilbaniya. Ba ta bari ba. Da ta haɗu da Drew Weissman, masanin garkuwar jiki, suka ga duk RNA da suka haɗa a kwalba yana tayar da kumburi, amma wani nau'in RNA na cikin jiki ba ya tayarwa, kuma shi ne ya fi yawan haruffan da aka yi wa kwaskwarima. Suka cire U suka sa wata 'yar'uwarta mai ɗan bambancin siffa. Maƙera suka karanta ta a matsayin U, masu gadi suka bar ta ta wuce. Sun buga wannan a 2005, kusan ba wanda ya waiwaya.

Ranar 11 ga Janairu 2020 Zhang Yongzhen na Shanghai ya saki jerin haruffan bairos ɗin korona, kusan 30,000, a intanet. Cikin kwanaki aka zana allurar rigakafinsa ta ɗan aiken RNA a kwamfuta, ranar 8 ga Disamba kuma, bayan an gama gwaji, aka fara yi wa jama'a ita a Ingila. A Najeriya, cibiyar da Christian Happi ke jagoranta a Ede ta jihar Osun ta karanta haruffan bairos ɗin majinyacin farko cikin 'yan kwanaki, karo na farko a Afirka. Na ji mutane da dama suna tsoron allurar za ta sauya musu halitta, kuma tsoro ne da ya cancanci amsa cikin mutunci. Amsar tana cikin abin da aka gano tun 1961: ɗan aiken ba ya shiga cibiya inda DNA yake, a waje yake aikinsa, cikin kwanaki kuma jiki ya rushe shi. An ba Kariko da Weissman Nobel a 2023.

Abin da ke sauya DNA da gaske daga wani wuri ya fito, kuma shi ma garkuwa ce, ta bakteriya. A farkon shekarun 1990 Francisco Mojica, ɗalibi a Alikante ta ƙasar Sifen, yana nazarin ƙananan halittun da ke rayuwa a tafkunan gishiri, ya ga wasu jimloli suna maimaituwa a DNA ɗinsu da tazara a tsakani. Sai a 2003 ya gane cewa abin da ke cikin tazarar guntayen DNA ɗin bairos ne, mujallu suka yi ta ƙin takardarsa har 2005. Tabbaci ya zo daga kamfanin Danisco, mai sayar da bakteriyar haɗa yogot da cuku, wanda bairos ke yi wa ɓarna. A 2007 ma'aikatansa Rodolphe Barrangou da Philippe Horvath suka nuna cewa bakteriyar da ta tsira daga hari takan adana guntun maharin, in ya dawo ta gane shi. Takan kwafi guntun a kan RNA, ta ɗora wa wani furotin mai yanka, RNA ya manne da ɓarin da ya dace da shi, furotin ya datse. A 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka nuna cewa mutum zai iya rubuta RNA ɗin da hannunsa ya aika mai yankan inda ya ga dama. Wannan shi ne CRISPR.

Ga sikila, hanyar zagaye aka bi. A 1948 wata likitar yara a Buruklin, Janet Watson, ta lura cewa jinin jarirai ba ya lanƙwashewa sosai sai bayan wasu watanni, ta danganta haka da haimogulobin na ɗan tayi, wanda jiki ke daina ƙerawa bayan haihuwa. Shekara sittin bayan haka, a 2008, ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya nuna sashen da ke kashe shi, mai suna BCL11A. Don haka harafin sikila ko taɓa shi ba a yi. Ana tace ƙwayoyin asali na ɓargo daga jinin majinyaci, a datse makunnin BCL11A a cikinsu, a ba shi magani mai ƙarfi irin na ciwon daji ya share tsohon ɓargon, a mayar masa da gyararrun, su koma ƙera jinin jarirai. Victoria Gray, uwar 'ya'ya daga jihar Misisifi, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa, a Yulin 2019, ciwon da ke kwantar da ita asibiti tun tana jaririya ya ɗauke. Ingila ta amince da maganin, Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba.

Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ko an yafe kuɗin, sai an samu asibitin da ke dashen ɓargo, sai an yi makonni a ɗakin da aka killace daga ƙwayoyin cuta, kuma maganin share ɓargon yana iya hana haihuwa, abin da babu iyayen da za su ji shi su kasa tsayawa tunani. Nasara ce babba, kuma ina murna da ita har zuci. Amma mafi yawan masu cutar a Afirka ake haifarsu, kuma bai kamata ilimin da jininsu ya taimaka aka gina ya tsaya a inda hannunsu ba ya kai ba. Ana neman hanyar yin gyaran da allura, a cikin jiki, da irin ɗigon kitsen da ya ɗauki RNA ɗin rigakafin korona, kuma wannan yana matakin bincike.

Kafin nan akwai abin da ke hannu, shi ma ta DNA yake aiki. Haidiroksiyuriya tsohon maganin ciwon daji ne da ke rage wa ƙwaya samun tubalan DNA, ɓargon da aka takura haka kuwa yakan ƙara fitar da haimogulobin na ɗan tayi. Gwajin da aka kammala a Amurka a 1995 ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi. A can, yaron da aka ga yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ƙarin jini ake yi masa duk wata, abin da ba zai yiwu ga dubban yaranmu ba, ga ƙarancin jini ga tsada. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka ce bari su ga ko maganin sha zai tsaya a wannan gurbi. Suka riƙa ɗora na'urar auna gudun jini a gefen kan yara, tsakanin ido da kunne, suna ware waɗanda jininsu ke gudu fiye da ƙima, alamar jijiyar ƙwaƙwalwa ta fara tsukewa. Yara 220 suka shiga gwajin, rabi a ƙaramin awo rabi a matsakaici, da maganin da ake haɗawa a nan Najeriya. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna shanyewar jiki ta yi ƙaranci a ɓangarorin biyu, ƙaramin awon ya wadatar wurin kare ta, matsakaicin kuma ya fi rage kwanciya a asibiti.